Iyawa da Yiwuwa a Nahawun Turanci

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Jangeru

  



GABATARWA

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka riƙe hannuna suka koya mini karatun. Hausawa sun ce gaba da gabanta. Saboda haka, iyayenmu malamai, abin da zan faɗa ajiyarku ce nake mayar muku.

Kwamiti ya ce in zaɓi batun da zai amfani ɗalibai, wanda kuma ba zai sa manya gyangyaɗi ba. Na zaɓi in yi magana a kan 'yan kalmomin nan na Turanci, wato "can" da "could" da "may" da "might" da kuma "be able to". Da su ne Bature yake bayyana abin da mutum ya iya, da abin da aka yarje masa, da abin da ake zaton zai faru.

Na san wani zai ce a ransa, mu da muka baro aji tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, me ya haɗa mu da nahawu kuma? Dalilaina biyu ne. Na farko ya shafi yaranmu. Ko jarrabawar WAEC yaro ya zauna, wadda aka kafa hukumarta a 1952, ko ta NECO, wadda aka fara yi a 2000, in bai sami kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi. A jarrabawar JAMB ma Turanci tilas ne ga kowa, komai karatun da yake nema. A takardar Turanci kuwa akwai sashen da ake ba yaro jimla a ce ya zaɓi ma'anarta, kuma waɗannan kalmomi suna daga cikin tarkon da aka fi ɗanawa a wurin.

Dalili na biyu ya shafe mu duka. Waɗannan kalmomi su ne ma'aunin magana. Da su ake gane ko mutum alkawari ya yi, ko izini ya bayar, ko zato kawai yake yi. Suna cikin takardar ɗaukar aiki, da yarjejeniyar rancen banki, da takardar da ke cikin kwalin magani, da tsarin mulkin ƙasa. Wanda bai san nauyin kowacce ba yana iya ɗaukar zato a matsayin alkawari, ya sa hannu a kan abin da zai dame shi.

KALMAR "IYA" DA AYYUKANTA HUƊU

Tushen wahalar yana cikin wata kalma tamu ta Hausa, wato "iya". Wannan kalma jakar magori ce. Ku saurari waɗannan jimloli huɗu:

Audu ya iya ɗinki.
Zan iya zuwa Shinkafi ranar Alhamis.
Kana iya tafiya.
Ana iya yin ruwa yau da dare.

A jimla ta farko gwaninta ake nufi. A ta biyu hali da sarari ake nufi, wato ba abin da zai tsare ni. A ta uku izini aka bayar. A ta huɗu kuwa zato ne, hadari aka gani ya haɗu gabas. Bahaushe ba ya ruɗewa, domin kunnensa ya saba. Amma yaron da aka koya wa tun firamare cewa "iya" ita ce "can", sai ya kwashe jimlolin huɗu ya zuba musu "can". Zai dace a biyun farko, a ta uku a yi masa uzuri, a ta huɗu kuwa ya faɗi warwas.

Tarihin kalmomin yana taimakawa wajen riƙe su. A tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce, asalin "can" ma'anarta sani, kuma dangin "know" ce. Ke nan ta yi daidai da "iya" tamu ta gwaninta. Ita kuwa "may", asalinta ƙarfi da iko, shi ya sa har yau "might" take nufin ƙarfi, kuma daga nan aka sami "Almighty", wato Mai Iko Duka. Daga iko ta gangaro zuwa izini, daga izini zuwa yiwuwa. Harafin "l" da ke cikin "could", wanda ba a furtawa, a wajen ƙarni na 16 aka cusa shi don ta yi kama da "would" da "should".

IYAWA: YANZU DA DA DA KUMA GABA

Mu fara da ƙa'idojin da malamanmu suka sha nanata mana. Waɗannan kalmomi mataimakan aikatau ne, kuma suna da halinsu. Ba a liƙa musu "s", ba a bin su da "to", ba a kuma gayyato "do" wajen tambaya ko korewa. "He can sew" ake cewa, da "Can he sew?" da "He cannot sew". Haka nan ba a haɗa "can" da "be able to" wuri ɗaya. Cewa "I can be able to do it", wanda ya cika bakin mutane a ƙasar nan har da manyan ma'aikata, daidai yake da a ce da Hausa "zan iya iya yi". Ɗaya ta wadatar.

Akwai wani bambanci da ba a faye lura da shi ba. A Hausa "iya" tana ɗaukar suna kai tsaye: ya iya Turanci, ya iya mota, ta iya tuwo. Jamusanci ma ya yarda da irin wannan gini. Turancin yau bai yarda ba, sai an kawo aikatau a tsakani: "He can speak English", "He can drive".

In aka koma ga abin da ya wuce, nan ne ake yawan tuntuɓe. An koya mana cewa "could" ita ce shuɗaɗɗen lokacin "can", kuma haka ne, amma da sharaɗi. Ana amfani da ita ga iyawar da ta ɗore wani zamani. Misali, layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya shekara da shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga da fasinja. Dattijon da ya ga wannan zamani zai ce, "In those days you could travel by train from Kaura Namoda to Lagos." Wannan daidai ne, domin hali ne na zamani guda.

Amma idan abu ɗaya mutum ya yi ƙoƙari ya cim masa a rana ɗaya, "could" ba ta shiga. Dukanmu muna tune da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, har wasu suka riƙa tafiya wata jiha don su buga waya. Wanda ya yi wannan tafiya ya dace zai ce, "I was able to call my brother", ko kuwa "I managed to call my brother". Hausa ma ta raba su. Ba mu cewa "na iya buga waya" a nan, "na samu na buga waya" muke cewa. To, duk inda Bahaushe zai ce "na samu na yi", Bature "was able to" zai ce. A korewa kuwa babu wannan wahala, "couldn't" ta isa ko'ina: "We couldn't call anybody."

Game da lokaci mai zuwa, "can" ba ta da siffar da za ta bi "will" ko "have", sai ta yi aron "be able to". Yarinyar da ta shiga koyon kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, za a ce da ita, "She will be able to use a computer next year", domin gwanintar ba ta samu ba tukuna. Uban da kuɗin makaranta suka gagare shi zai rubuta, "I have not been able to pay the fees." Sai dai in magana ce ta shirin da ake yankewa yanzu, "I can come tomorrow" daidai ce.

YIWUWA

Yanzu mu koma ga jimlarmu ta huɗu, ta ruwan sama. Turanci ya raba yiwuwa gida biyu. Akwai abin da yakan faru bisa al'ada, akwai kuma abin da ake zaton zai faru a wani lokaci takamaimai.

Na farkon shi ne gidan "can", kuma fassararsa mafi kusa a Hausa ita ce "kan" ta sabo. "Shinkafi can be very hot in April", wato Shinkafi takan yi zafi ƙwarai a watan Afrilu. "The river can overflow in August", wato gulbi yakan cika ya batse a watan Agusta. Kun ga abin sha'awa, "can" da "kan" har sun yi kama a kunne, ko da yake ba su haɗa dangi ba. Yara, ku riƙe wannan.

Na biyun shi ne gidan "may" da "might" da "could". In ka ga hadari yau, "It may rain tonight" za ka ce. In ka ce "It can rain tonight", ka ɗauko "ana iya" ta Hausa ka sa mata kwat da wando.

Waɗannan kalmomi suna da nauyi daban-daban, kamar yadda mai hatsi yake da tiya da mudu da rabin mudu. A ce ka je gidan wani attajiri ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ba ka same shi ba. In ka ce "He must be at the market", ka kusa tabbatarwa, wato lalle yana kasuwa. In ka ce "He should be at the market", bisa ga sabo can ya kamata a same shi. In ka ce "He may be at the market", mai yiwuwa ne, zuciyarka ta rabu biyu. In ka ce "He might be" ko "He could be", wataƙila ce mai rauni, ko da yake tazarar da ke tsakanin "may" da "might" kaɗan ce, Turawa da yawa ma suna musanya su. In kuwa yanzu ka baro shi a masallaci, sai ka ce "He can't be at the market", wato ba zai yiwu ba.

Kada wani ya ɗauka Hausa ta gaza a wannan fage. Ban da wataƙila da mai yiwuwa da lalle da tilas, muna da wani lokaci na musamman wanda masana nahawun Hausa, irin su Farfesa M. K. M. Galadanci da ya fitar da littafinsa na nahawu a 1976, suka yi bayaninsa. A aji ana kiransa lokaci na gaba na biyu. In na ce "ya zo" da murya a sama, ya riga ya iso. In na ce "kwantar da hankalinka, ya zo", na ja muryar ta faɗo, bai zo ba tukuna, ana dai kyautata zaton zuwansa. Shi ne a cikin "ma gani", da karin maganar nan, yau da gobe ka iya. A rubuce ba a ganin bambancin, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Abin da ya fi kusa da shi a Turanci shi ne "will probably". Yaron da kunnensa yake rarrabe wannan tun yana goye, bai kamata "may" da "might" su gagare shi ba, in an nuna masa hanya.

KOREWA DA ABIN DA YA RIGA YA WUCE

A nan nake roƙon ku ƙara kasa kunne, domin nan ne kuskure yake da tsada. "He may come" da "He could come" kusan ɗaya ne. Amma da zarar an kore su sai su raba hanya. "He may not come" tana nufin wataƙila ba zai zo ba, ƙofa a buɗe take. "He cannot come" tana nufin ba shi da halin zuwa, an rufe magana. Bugu da ƙari, a rubutun hukuma "may not" takan zama hani. In aka rubuta a ƙofar ɗakin jarrabawa "Candidates may not bring phones into the hall", ba zato ake yi ba, an haramta shiga da waya ke nan.

Sai kuma inda aka haɗa su da "have". Allah Ya kiyaye, a ce mota ta yi hatsari a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, aka aiko da saƙo game da direban. In aka rubuta "He may have died", ba a san halin da yake ciki ba, ana tsoron ya rasu. In aka rubuta "He could have died", a mafi yawan lokaci ma'anarta ya tsallake rijiya da baya, yana nan da ransa. "He might have died" tana ɗaukar ma'anonin biyu, sai an duba abin da ke kewaye da ita. Jama'a, a yankin da muke kwana muna tashi da labarin hari da garkuwa da mutane, kuma saƙo yake yawo a waya cikin ƙiftawar ido, wanda ya juya irin wannan jimla ba daidai ba yana iya sa a zauna makoki a gidan da ya kamata a yi barka da arziki.

Wannan gini shi ne "da" tamu ta nadama da zargi. "You could have told me" tana nufin ai da ka gaya mini, wato ba ka gaya mini ba. "We could have won" tana nufin da mun ci, amma ba mu ci ba. Masu shirya jarrabawa suna son wannan tambaya ƙwarai, domin yaron da bai lura ba zai zaɓi amsar da ta ce an gaya masa, ko an ci.

IZINI DA LADABI

'Yan ajinmu za su tuna abin da yakan faru in ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Can I go out, sir?" Sai malam ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "You can, but you may not." Wato ƙafafunka lafiya lau, izini ne ba ka da shi. Allah Ya saka wa malamanmu, sun dasa mana bambancin iyawa da izini yadda ba za mu manta ba. A yau Turawan Ingila da na Amurka suna neman izini da "can" a maganar yau da kullum, ba mai ganin laifinsu. Amma a wasiƙar hukuma, da gaban alƙali, da gaban masu ganawar ɗaukar aiki, "may" ta fi nuna tarbiyya.

Mu Hausawa muna da hanyoyin girmamawa da yawa. Mukan ce wa babba "ku", mu ce ranka ya daɗe, mu sassauta roƙo da "ko" da "ɗan": ko za ku ɗan duba mini takardar nan? Bature ba shi da "ku" ta girmamawa a yau, "you" yake ce wa sarki, ita yake ce wa yaro. Ladabinsa yana cikin waɗannan 'yan kalmomi. "Could you sign this form, sir?" ita ce daidai da roƙonmu, kuma "could" a nan ba ta da alaƙa da abin da ya wuce. Yaronmu mai kunya da ladabi yakan shiga ofis ya ce "I want you to sign this form", yana fassara "ina son a sa mini hannu", sai a ɗauke shi marar kunya alhali ba haka yake ba. Har ila yau da "may" ake addu'a: "May Allah reward you", wato Allah Ya saka maka.

TAKARDUN HUKUMA

A harshen doka, "shall" tana ɗora wajibi, "may" kuwa tana ba da zaɓi, ko da yake kotu takan duba manufar doka kafin ta yanke. Zan ba da misalin da ya shafi ilimi. Sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1999 ya yi amfani da "shall" wajen cewa gwamnati za ta samar da ilimi kyauta, amma ya rataya abin a kan kalmar "practicable", wato sa'ad da hali ya yi. Sashe na 6 kuma ya hana kotuna bin kadin alkawuran wannan babi. Ke nan yiwuwa ce aka yi wa rigar alkawari. Sai a 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka yi dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta wajabta wa kowace gwamnati samar da ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ta kuma wajabta wa iyaye kai 'ya'yansu. Wanda ya san wannan bambanci ya san abin da zai nema a matsayin haƙƙi, da abin da zai ce, kamar karen da aka ce ana biki a gidansu, mu gani a ƙasa.

Haka abin yake a ƙananan takardu. In wasiƙa ta ce "You may be considered for appointment", kada ka sayar da akuyarka ka ɗinka kayan shiga ofis, ba a ɗauke ka ba tukuna. In takardar rance ta ce "The bank may review the interest rate", ka ba su ikon ƙara kuɗin ruwa ke nan ranar da suka ga dama. In kwalin magani ya ce "may cause drowsiness", ba kowa yake sa wa barci ba, amma direba ya yi hattara. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa takan fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma harshen hasashe cike yake da "may" da "likely". 'Yan'uwanmu da ke aikin fassara a gidajen rediyo, amana ce a wuyanku. In kuka mayar da "mai yiwuwa ruwa ya yi jinkiri" ta koma "ruwa zai yi jinkiri", manomin gero a Jangeru da Badarawa da Moriki da maganarku zai yi shawarar ranar shuka.

IN SHA ALLAHU

Akwai tambayar da ɗalibai sukan yi: shin "in sha Allahu" daidai take da "may"? Amsa ita ce a'a. Musulmi yana faɗinta ne bisa umurnin da ya zo a Suratul Kahfi, bayan ya ƙudurta niyya sosai. "Zan zo in sha Allahu" ita ce "I will come, God willing". Niyya ta cika, an bar wa Allah ikonSa. Wanda bai yanke shawara ba, gaskiyarsa ita ce ya ce "wataƙila in zo", wato "I may come". Abin takaici, wasunmu sun mayar da wannan kalma mai girma mafakar saɓa alkawari, har abokan hulɗa suna jin ta su ɗauka an ƙi ne cikin ladabi. Gyaran wannan ya fi gyaran nahawu muhimmanci, amma tushensu ɗaya, wato mutum ya auna maganarsa daidai da abin da ke zuciyarsa.

KAMMALAWA

A taƙaice, ɗalibai, kafin ku fassara "iya", ku tsaya ku tambayi kanku: gwaninta nake nufi, ko hali, ko izini, ko zato? In gwaninta ce ko hali, "can". In abu ɗaya ne aka samu aka yi, "was able to". In izini ne a wurin manya, "may". In sabo ne, "can". In zato ne, "may" ko "might" ko "could". Wanda ya riƙe wannan ya rage asarar maki, ya kuma rage asarar dukiya in ya girma.

Ina da roƙo uku. Na farko ga malamanmu na Turanci: ku riƙa kafa misali da Hausa in kuna koyar da wannan babi. Minti biyar na kwatanta "ya iya" da "ya samu ya yi" ya fi awa guda na haddar ƙa'ida. Malamin Hausa da na Turanci su riƙa zama tare, domin yaro ɗaya suke koyarwa.

Na biyu ga ƙungiya. Yaran da ke aji yanzu sun sha wahalar da mu ba mu sha ba. An rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, aka sake rufe na jihar nan wata da watanni a 2021 saboda tsaro, kuma wannan giɓi yana bin yaro har ajin ƙarshe. Ina ba da shawarar a ware wani kaso na kuɗin da muke tarawa a sayi ƙamus da littattafan nahawu da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a ajiye a makaranta a hannun malami guda da zai kula da su.

Na uku ga kowane ɗayanmu. Duk wanda ya zo gida hutu ko salla, ya ba makarantar nan awa ɗaya, ya zauna da 'yan ajin ƙarshe su karanta wasiƙa ko shafin jarida tare. Sakatare yana nan da takarda a bakin ƙofa. Wanda ya tabbata zai yi, ya rubuta sunansa a shafin "will". Wanda yake shakka, akwai shafin "may", ba kuwa za mu ga laifinsa ba, muddin ya faɗi gaskiya.

Daga ƙarshe, ina addu'a Allah Ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda da Jihar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, Ya ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.